Jirgi Mai Lamba Bakwai

Ranar Talata da hantsi Ña Rufina ta dawo daga kasuwa da kwandon rogo a ka, ta tarar da mijinta Eladio Bareiro kwance rub da ciki a ɗakin aikinsa. Ni ne na uku da ya shiga, da almakashin aski a hannuna, don ko ajiye shi ban tuna na yi ba. An buga masa 'yar gudumarsa sau huɗu a ƙeya har ƙwaƙwalwa ta fito, sannan aka ɗauki askar da yake feƙe itace da ita aka yanka maƙogwaronsa. Jini ya fantsama har kan kantar fenti. Ƙananan jiragen da ya shekara ashirin yana ginawa an kakkarya su, an share ɗakin tas, an tara tarkacen a gefen gawar. Guda ɗaya tak aka bari lafiya lau a kan kanta, shi ne jirgin Bolibiya. Kafin fadan coci ya iso ya yi wa gawar addu'a, rabin garin Puerto Timbo ya riga ya yanke hukunci.

Mu biyar ne masu wannan hauka a garin. Muna gina jiragen yaƙin Chako, wanda ƙasarmu ta yi da Bolibiya, masu fiffike sama da ƙasa, da itacen balsa da takarda, kowanne bai wuce taki biyu ba. Wayoyin da ke ɗaure fukafukan da gashin wutsiyar doki muke yin su. Fentinmu daga Ajantina ake kawo shi a 'yan gwangwanaye kamar na tumatir, wani launin sai a shekara ba a same shi ba, don haka a wurinmu gara ka bar ƙofar gidanka a buɗe da ka bar gwangwani a buɗe. Kowa da yadda yake rufe nasa, kowa kuma yana ganin na ɗan'uwansa shirme ne. Duk Asabar muna haɗuwa a shagon askina, ƙahon terere, shayin ganye mai sanyi da muke sha, na zagayawa, muna musu a kan launin da ba wanda ya taɓa gani da idonsa.

Shugabanmu shi ne Don Artemio Samudio, mai shanu, ɗan Laftanar Samudio matuƙin jirgin da makarantar garin ke ɗauke da sunansa. Sai Melanio, malami a makarantar. Sai ni, Liborio mai aski. Sai marigayi Eladio, wanda ubansa ne ke zaune da bindiga a bayan Laftanar ranar da aka harbe shi a sama, Laftanar ya sauko da gawarsa. Na biyar shi ne Severo Huanca mai gyaran agogo, mijin ƙanwata Dominga. A nan aka haife shi, amma ubansa fursunan yaƙi ne daga Bolibiya da ya ƙi komawa gida, saboda haka shekara arba'in da takwas garin bai daina kiransa ɗan Bolibiya ba. A watan nan ake cika shekara hamsin da ƙarewar yaƙin, kuma an ce mu baje jiragenmu a zauren gari.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don ba na son wani ya riga ni. Asabar ɗin kafin kisan musu ya yi zafi, Eladio ya ce wa Severo ɗan fursuna, Severo ya kai masa naushi ya karya masa haƙori. Da Insifeto Duarte ya tsaya a kan gawar ya tambaya ko marigayin yana da abokin faɗa, ba a tambaye ni sau biyu ba. Tsoro ne ya kama ni, ina son a waiwaya wani wuri ba wurina ba. Kafin azahar an ja Severo a ƙasa daga shagonsa zuwa caji ofis, ana dukansa da gindin bindiga. Da la'asar matasa suka cinna wa shagon wuta, wani ya jefi Dominga da bulo ya fasa mata goshi.

Washegari da safe ta shigo shagona da tsumma ɗaure a ka. Ta kai wa mijinta abinci, ta ga an ɗora hannunsa na dama a kan tebur an murƙushe masa manuniya da filaya. Insifeto ya ce kullum yatsa ɗaya har sai ya sa hannu a takardar amsa laifi, ranar Juma'a da rana kuma mota za ta kwashe shi zuwa babban birni. Kowa ya san irin su Severo ba sa dawowa daga can. Ba ta yi kuka ba.

"Yaya," in ji ta, "bakinka ne ya sa shi a ciki, ƙafarka ce za ta fito da shi. Tashi ka je wurin Don Nemesio."

*

Don Nemesio Gaona yana zaune ne a bayan turken shanu na bakin gari. Shekararsa saba'in da ɗaya, ido ɗaya ya fara yana, amma in aka sace maka maraƙi zai kalli ƙasa ya gaya maka ɓarawon gurgu ne kuma ya sha giya. A yaƙin shi ke shiga gaban sojoji yana bin sawu. Na same shi yana cin chipa mai sanyi, wato wainar garin rogo, ya saurare ni bai ko ɗago ba.

"Ku ne tsofaffin nan masu wasan 'yar tsana ko?" in ji shi. "Mu muna ƙasa muna shan fitsarinmu don ƙishirwa, su matuƙan jirgi suna sama suna shan iska, ga shi yau su ake sassaƙawa."

Na haɗiye, don ba musu na zo yi ba. Ya ce shi ba ruwansa da 'yan sanda. Na juya zan tafi ke nan ya tambaye ni ko Severon nan ɗan Huanca ne mai tabo a haɓa. Na ce shi ne. Ya ce shi ya kama mutumin a daji, ya rako shi kwana tara a ƙasa, goran ruwa ɗaya suke sha, kuma Huanca bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya ɗauki bulalarsa mai ƙotar ƙarfe da hularsa, muka kama hanya.

A ɗakin aikin an ɗauke gawar, jinin ya bushe ya yi baƙi, ƙudaje sun cika wurin. Don Nemesio ya hana ni shiga. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon ƙasa a kaikaice. Ya ce wanda ya yi sharar da baya da baya ya fita, yana shafe sawunsa har bakin titi, inda shanun gari suka bi suka tattake sauran. Ya ce wannan mutum ya san akwai mai bin sawu a garin. Bayan sharar kuma mutum huɗu sun shiga kafin 'yan sanda: matar gidan, maƙwabcinta, ni, da wani mai takalmin roba wanda ya riga mu duka, ya tsaya cak, ya ja da baya ya dafa gilashin kabad da ya fashe.

Ya shiga a hankali ya tsaya gaban kantar fenti. Na ga ya miƙa hannu ya ɗauki wani abu ya jefa a aljihu, amma bayansa ya kare ni. Da na tambaye shi ya ce in yi abin da na iya, in duba tarkacen nan in gaya masa jirage nawa aka kashe. Na tsuguna ina tsintar farfeloli a cikin jinin abokina. Tara na samu. Goma ya kamata su zama. Babu jirgi mai lamba bakwai, jirgin Laftanar Samudio da uban Eladio, wanda marigayin ya yi wata takwas yana ginawa a ɓoye bai bar kowa ya gani ba.

*

Ɗigon jini ne ya kai mu gidan Melanio. Ni ban ga komai ba sai ƙasa, amma Don Nemesio yana tafe yana nuna ganye da bakin bulala, nan ɗigo ɗaya, can wani a jikin shinge. Muka sami malamin a bayan gida yana ƙoƙarin ƙona riga, hannunsa ɗaure da bandeji. Da ya gan mu ya zabura zai haura katanga. Tsohon ya laƙaƙa masa bulala a ƙafa ya fizgo shi, ya faɗo da fuska a kan tulin bulo, leɓensa ya tsage. Ni kuwa da na tuna yatsan Severo sai na hau shi da duka, ina naushi ina zagi, har sai da Don Nemesio ya buge ni da ƙotar bulala a haƙarƙari na koma gefe ina nishi.

Melanio yana tofar da jini ya ce e, ya je. Eladio ne ya ce ya zo da ƙarfe goma ya ga wani abu kafin ranar biki. Ya tarar da shi a mace, ya firgita ya dafa gilashi, ya gudu. Ya yi shiru ne don yana da 'ya'ya shida kuma ya ga abin da ake yi wa wanda Insifeto ya kama. Don Nemesio ya kwance bandejin ya duba yankan, ya kalli takalmansa, sannan ya ce a nuna masa inda yake ajiye fenti. Ya leƙa akwatin ya fito. Ya ce ba shi ba ne, kuma in ba malam haƙuri. Na ba shi, bai amsa ba, ban kuma ga laifinsa ba.

A hanyarmu ta komawa ya ce yana son ruwa, ya shiga shagona, na ga yana ɗaga labulen kantata yana kallon gwangwanayena. A lokacin na ɗauka sha'awa ce ta fara kama shi.

*

Ranar Alhamis aka karya yatsan tsakiya. Dominga ta ce ƙashin ya huda fata, kuma Severo ya ciji harshensa don kada ya yi ihu. Har yanzu ya ƙi sa hannu.

Bayan an dawo daga binne Eladio muka zauna da Ña Rufina a kicin. Da farko ta ce ba ta san komai ba, aikin maza ne na banza da ya cinye mata miji tun yana raye. Don Nemesio bai matsa mata ba, ya karɓi ƙahon terere ya sha ya mayar, ya tambaye ta lafiyar kajinta. Can ta tashi ta janyo wani ƙunshi daga ƙarƙashin buhun masara. Ta ce surukarta ce ta bar shi da za ta mutu bara. A ciki akwai rigar fata ta uban Eladio, da wani yanki na yadin jikin jirgin da sojoji suka yanko suka ba gwauruwar don tunawa.

Ta ce tunda Eladio ya buɗe ƙunshin nan ya daina barci da kyau. Halinmu ne mu masu gina jiragen nan, in akwai huda a jikin jirgi na gaske, sai mun auna mun yi ta a ƙarami daidai wurinta. Ya auna hudojin yadin da na rigar, ya yi su a jikin lamba bakwai da bakin allura, ya sassaƙa ɗan mutum ya zaunar a kujerar baya. Sannan ya zura jan zare ta kowace huda don ya ga ta inda harsashin ya biyo.

"Ya kira ni in gani," in ji ta. "Zare uku, Don Nemesio. Ba wanda ya fito daga sama ko daga gefe. Duka ukun a kujerar gaba suka haɗu, kujerar Laftanar."

Tsohon ya shimfiɗa rigar a cinyarsa, ya shafa bakin hudar ƙirji inda fatar ta ƙone. Ya ce ya ga irin wannan da yawa a daji, kuma jirgin abokan gaba ba ya matsowa kusa har ya ƙona wa mutum riga. Ña Rufina ta ce Eladio ya rantse zai ajiye jirgin da zarensa a tsakiyar zauren gari ranar biki. Wa ya gaya wa? Ta ce ba ta sani ba, amma shi mutum ne mai son a yi komai bisa ƙa'ida.

Na san wa ƙa'ida ta ce a fara gaya wa: shugabanmu. Na ce wa Don Nemesio mu ruga wurin Insifeto. Ya ce da me, da zare? Insifeton da duk Lahadi a gidan Samudio yake cin gasasshen nama? Ya ce dalili daban, sawu daban, shi kuma sawu yake bi. Severo ma yana da dalili, ni ma wa ya sani.

Muka je gidan Don Artemio da la'asar. Ya karɓe mu a baranda cikin silifa, da baƙin ƙyalle ɗaure a damtse don makoki. Ya sa aka kawo mana nama da rogo, ya yi maganar Eladio har idonsa ya kawo ruwa, kuma na rantse hawayen na gaske ne. Ya ce ranar Talata da safe yana wurin shanu. Da Don Nemesio ya ce yana so ya ga ɗakin aikinsa, ya yi murmushi ya ce an kulle, sai bayan biki. Tsohon bai kalli fuskarsa ba ko sau ɗaya, ƙafafunsa yake kallo. Da za mu tafi ya tambaya ko gaskiya ne gobe da safe mahaya za su yi gwajin fareti, Don Artemio ya ce shi ma zai jagorance su.

A bakin ƙofa ya ce mini gobe da ƙarfe tara in tara 'yan ƙungiya a shagona a kan maganar biki, in kira Ña Rufina da tsofaffin sojoji ko guda biyar. Insifeto dama duk Juma'a a lokacin yake zuwa gyaran gemu.

*

Safiyar Juma'a da sanyi, iskar kudu na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Insifeto Duarte ya zauna a kujerata, na shafa masa kumfa. A hannun rigarsa akwai ɗigon jini sabo. Na kalle shi, na kalli askar da ke hannuna, na kalli jijiyar wuyansa tana harbawa, Allah kaɗai ya san abin da ya riƙe ni.

Tsofaffin sojoji shida suna kan benci da sandunansu. Ña Rufina tana kusurwa cikin baƙaƙen kaya, Dominga na tsaye a bakin ƙofa. Melanio ya zo da kumburarren baki. Don Artemio ya shigo a ƙarshe daga wurin fareti, cikin dogayen takalman hawa, yana cire safar hannu.

Don Nemesio ya riga kowa zuwa, kuma ya yi mini ɓarnar da ta kusa sa ni hauka. Ya kwaso gwangwanayena guda uku ya ɓalle murafensu da wuƙa, wai yana neman launin da zai shafa wa ƙotar bulalarsa, ya bar su a buɗe, ɗaya a kan tebur gaban Melanio, ɗaya kusa da madubi, ɗaya a kan kujerar da ke gefen ta shugaba. Sannan ya fara ba da labarin wata saniya da aka sace shekara talatin da suka wuce, yana ja yana ja, ba kai ba gindi. Ƙamshin fenti ya cika shagon.

Melanio ne ya fara kasa haƙuri. Ya ɗora murfin ya danna da tafin hannunsa mai lafiya. Ni ma na ajiye aska na danna na kusa da madubi da manyan yatsuna biyu. Don Artemio yana sauraron labarin saniya da fuskar mai haƙuri, hannunsa ya kai ga gwangwanin gefensa shi kaɗai. Ya ɗora murfin, ya ajiye a ƙasa, ya taka da dunduniya, ya ɗauka ya kife shi a kan kujera, kamar yadda na ga ya yi sau dubu, don a cewarsa haka ne iska ba ta shiga.

Labarin saniya ya tsaya a tsakiya. Don Nemesio ya ɗauki gwangwanin ya juya shi, ya ciro wani daga aljihunsa, ya jera su a kan tebur inda haske ke faɗowa.

"Wannan daga kantar Eladio na ɗauko shi," in ji shi. "Gwangwani talatin da ɗaya suna zaune daidai, shi kaɗai ne a kife. Jan fenti ne, da shi yake aiki lokacin da aka buge shi. Ku duba bakin murfin, jini ne ya makale a ciki, ke nan bayan an kashe shi aka rufe. Ku duba sama. Sawun ƙusoshin dunduniyar takalmi ne, uku a jere, gurbin ta huɗu babu komai, an buga su da jini. Ku duba na yau." Ya juya wurin Don Artemio. "Ka share ɗaki har bakin titi, ɗana, ka yi aiki mai kyau. Amma ka ga fenti a buɗe ka kasa wucewa."

Tsofaffin suka taso ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa. Wani ya ce a ɗaga ƙafar. Insifeto ya miƙe da kumfa a rabin fuska yana cewa wannan maganar banza ce, ya kai hannu zai ɗauki gwangwanin, wani tsohon kofur ya ɗora masa sanda a kan hannu ya ce a bar shi nan kowa ya gani.

Don Artemio bai musa ba. Ya kalli murafen biyu. Sannan ya ce, da muryar da ban san shi da ita ba, ya roƙi Eladio. Ya durƙusa masa. Ya ce ya cire zaren kawai, ya bar matattu su kwanta.

"Ya ce mini ma'auni ma'auni ne," in ji shi. "Ubana ya dawo wa ƙasar nan da jirginta. Wa ya san abin da ya faru a sama? Yara ɗari uku suna rera sunansa kowace safiya, sai wani ya zo da zaren ɗinki..."

Ña Rufina ta tofa masa yawu a fuska. Abin da ya biyo baya cikin ƙiftawar ido ya faru. Ya fizgi askata daga kan tebur ya kai wa Don Nemesio sara a wuya. Na faɗa tsakaninsu ban san na yi ba, askar ta tsaga ni daga kunne zuwa haɓa, na ji iska ta shiga bakina ta kumatu. Tsohon ya juya bulala ya sauke masa ƙotar ƙarfen a tsintsiyar hannu, ƙashin ya yi ƙara kowa ya ji. Ya ƙara masa ɗaya a gwiwa, ya faɗi ya rungumo madubina ya tarwatse a kansa. Tsofaffin suka rufe shi da sanduna, suna duka suna haki, sai da Dominga ta shiga tsakani tana cewa in sun kashe shi wa zai wanke mijinta. Insifeto ya ga idanun kowa a kansa, ya ciro ankwa.

A ɗakin aikin Don Artemio aka sami lamba bakwai a cikin akwatin gilashi. Ya kasa karya jirgin ubansa. Ya zare jan zaren, ya cike hudojin, ya goge, ya shafa fenti har ba ka gane inda suke. Ban taɓa ganin gyara mai kyau irin wannan ba, kuma na tsani kaina da na lura da hakan.

*

Ana ɗinke mini fuska a asibiti na ce wa Don Nemesio, da bakin da ba ya rufuwa, da ya nuna mini gwangwanin nan tun ranar Laraba da na gaya masa mai shi nan take. Duk ƙungiya ta san wa ke taka murfi ya kife.

"Na sani," in ji shi. "Amma mutumin da ya miƙa mijin ƙanwarsa tun gawa ba ta huce ba, shi zan nuna wa abin da ke aljihuna?"

Ya sa hularsa ya fita. Likita ya ci gaba da ɗinkin.

Da rana motar babban birni ta tafi da wanda ya kamata. Aka sako Severo. Insifeto ya riga ya gama aikinsa na safiyar Juma'a tun ƙarfe bakwai, kafin ya zo aski, kuma babban yatsa ya zaɓa. Likita ya ce biyu za a yanke, ɗayan zai warke a sandare. Bai sake buɗe bayan agogo ba. Dominga ce ke sayar da chipa a tashar jirgin ruwa suna ci.

Ba a yi baje kolin ba, ƙungiya kuma ta watse. Ni dai duk Asabar da la'asar ina rufe shago in tafi gidan ƙanwata. Akwai wani jirgi da Severo ya fara kafin a kama shi, wanda ya tsira daga gobara don a gida ya bar shi. Ina zama a teburinsa, yana zaune a gefena da hannun a cikin aljihu. Ya ce goge nan, in goge. Ya ce gashin ya yi sako-sako, in ja. Shekara biyu ke nan bai gaishe ni ba, bai zage ni ba, bai taɓa tayar da maganar ba, kuma da zagin ya fi mini sauƙi.

Asabar ɗin da ta wuce na ajiye buroshi na ce, "Severo, ni ne na gaya wa Insifeto."

Ya ce ya sani tun ranar farko, Insifeton ne ya gaya masa yana riƙe da filaya. Na jira ko zai ƙara wani abu. Sai ya zaro hannun daga aljihu, ya tura mini murfin da ɗan abin da ya rage masa na yatsu.

"Rufe gwangwanin, Liborio," in ji shi. "Ni ba zan iya ba."